Uba Ya Mutu, Ɗa Na Riƙe da Mikiro

Kun taso kuna jin ana ce wa gidan marigayi Malam Garba "gidan masu kunne", ba ku taɓa tambayata inda sunan ya fito ba, ni ma ban taɓa kawo muku zancen ba. Bara a wurin sunan ɗan ƙanwarku na ji ɗayanku ya faɗe shi yana kwatanta wa baƙo hanya, hankalinsa kwance kamar sunan unguwa yake faɗa. Ina so ku daina kiran gidan da wannan suna. Tun da kuma ba ku bin umarni sai an kawo muku dalili, halin da kuka ɗauko a wurina, to ga dalilin.

Wajen ƙarshen shekarun casa'in ne, soja na kan mulki, kowa in zai yi magana sai ya waiga. Na bar koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, na kama aiki da ƙungiyar manoma ta nan Madarunfa, amma sunan Mushe, yadda ake kiran malamin lakwal da Faransanci, ya biyo ni, har gobe da shi wasu ke kirana, 'yan uwanmu na Najeriya su ji su yi ta dariya wai an kira mutum da sunan matacciyar akuya. Aikina yin kaset. In ɗauki muryar malamin gona, ko ta tsohuwar da ta san yadda ake ajiye wake cikin toka, in buga kaset ashirin ko talatin, a raba wa ƙauyukan Gabi da Safo har zuwa Ɗan Issa. Mutane su taru bayan La'asar su saurara, wanda bai ji ba a maido masa baya. Ina son aikin nan ƙwarai, ba zan ɓoye muku ba. Muryata ta shiga garuruwan da ƙafata ba ta taɓa takawa ba, a kasuwa in na yi sallama sai a ce, ai wannan shi ne mutumin kaset.

Shekara biyu da ƙaramar rediyo mai ɗaukar murya nake yi, sai masu tallafa wa ƙungiyar suka kawo mana ordinatar, wadda ku kuke ce wa kwamfuta. Wanda ya haɗa ta wani ɗan Maradi ne, Yohanna, Kirista daga gidajen mishan, siriri mai tabarau, ya yi karatun injuna a Yamai. Shi da kansa ya rubuta wa injin tsarin da zai bi wajen ɗaukar murya. Ya yi kwana uku yana koya min. In za ka fara, ka danna nan. In ka gama, ka rubuta kalmar tsayawa, ka jira har injin ya amsa maka cewa ya rufe. Jiran nan ne ya ishe ni. Bai kai a sha ruwa a ajiye moɗa ba, amma ni ba na son a sa ni tsayuwa gaban abin da ba shi da rai. Bayan Yohanna ya koma Yamai wani horo na watanni, na gano cewa in na danne maɓallai biyu tare, komai yakan ɓace daga fuskar injin nan take. Na ji daɗin kaina sosai, har nakan yi shi a gaban baƙi don su ga hannuna ya faɗa.

Ɗakin da muke ɗaukar murya yana bayan magaza, inda ake ajiyar iri. Mun lulluɓe bangonsa da tabarmi da tsoffin buhuna don kada kukan jakuna da tallan kifi su shigo mana, ga bantilatar, wato fanka, tana juyawa a sama muddin injin wuta na aiki, saboda haka duk garin babu ɗaki mai sanyinsa. Mabuɗinsa biyu ne. Ɗaya na aljihuna. Ɗayan na hannun Malam Garba, wanda shi ya ba ƙungiya filin tun farko, shi ke kuma tsaron magaza. Da ya rasu ba a yi wani zama ba, ba a rubuta komai ba, ranar addu'ar bakwai aka ga mabuɗin rataye a wuyan babban ɗansa Lawali, kowa ya ga daidai ne. Lawali magidanci ne a lokacin, ya ba talatin baya, da mata da 'ya'ya uku. Dogo, ba ya son magana. Abin da ya haɗa ni da shi tsayuwa ce. In ina aiki sai ya zo bakin ƙofa ya jingina, ya zuba wa fuskar injin ido har in gama. Wata rana ya tambaye ni ko muryar da ta shiga ciki tana ruɓewa in ta daɗe. Yanzu na san son sani ne kawai, irin na mutumin da ba a sa shi lakwal ba. A lokacin abin da na gani shi ne mutum yana haddace inda yatsuna ke sauka.

Halina kun san shi. Innarku takan ce ko ruwan randar gidana sai na leƙa kafin in sha. To sai injin ya fara wani abu da ya zo daidai da halin nawa. In na ɗauki murya da safe, na tafi gida cin abincin rana na bar shi a kunne, in na dawo zan ɗauki wata sai ya ƙi. Ya rubuto min kalma ɗaya ta Faransanci, occupé, wato wani na riƙe da mikiro. Ga mikiro a kan tebur, ba kowa a ɗakin sai ni. Sai na kashe injin gaba ɗaya na sake tayar da shi kafin ya yarda. Ban da haka, ma'ajiyar cikinsa da Yohanna ya ce za ta ɗauke mu watanni sai cika take yi, kamar ana zuba mata wani abu a bayan idona. Wa ke wurin da tsakar rana in na tafi? Wa ke da mabuɗi? Ran nan kafin in fita na barbaɗa toka a bakin ƙofa daga ciki don in ga sawu. Da na dawo na tarar da wurin fes.

"Mushe," in ji Lawali, "wani ya zubar da toka ɗakinka, na share. Kar ta shiga injin."

Na ce masa ya kyauta. Da na koma gida na ba Innarku labari ina huci, na ce ga shaida ta fito, mutum ya share sawunsa da hannunsa.

"Malam," ta ce, "in mutum ya share ɗaki, shara ya yi. Kai ko gaishe ka anka yi sai ka tambayi mi ake nuhi."

Ana gab da faɗuwar damina abin ya fashe. Mun ɗauki wani shiri kan gwada irin gyaɗa kafin shuka, shugaban ƙungiya Alhaji Mamman ne ya yi jawabin buɗewa. Da aka gama na danne maɓallaina biyu, komai ya ɓace, na ce musu an rufe. Na fita wata sabga na bar Alhaji da mutum biyu na komite suna shan iskar bantilatar. Washegari na juya shirin daga injin zuwa uwar kaset. Na saurari farkonsa, na ji ya fita sarai, aka kira Azahar, na bar shi yana juyawa na tafi masallaci, tun da kaset in ya kai ƙarshe da kansa yake tsayawa. Shirin minti ashirin ne, gefen kaset minti talatin. Ban saurari sauran goman ba. Na buga guda ashirin da biyar aka raba.

Ranar kasuwa da hantsi amalanke ya tsaya ƙofar ƙungiya. Mai garin wani ƙauye na ƙasar Gabi ne da dattawansa huɗu, ba zan kama sunan garin ba don jikokinsa na nan. Bai yi sallama ba. Ya ajiye rediyonsa a ƙasa, ya ƙure murya, ya danna. Aka ji ƙarshen shirin, aka ji muryata tana cewa an rufe, aka ji ƙarar ƙofa. Sannan muryar Alhaji Mamman, raɗau, kamar yana tsaye a wurin:

"Wanga mai gari ɓarawo ne. Irin da munka ba shi bara, rabi ya ƙetare iyaka. Kuma ku yi hankali da bakinku gabanshi, abin da ka hwaɗa yau, gobe shina kunnen jandarma."

Aka ji mutum biyu suna dariya. Kasuwa ta watse ta dawo ƙofarmu. A wancan zamani a ce mutum kunnen jandarma ne, a gaban ƙauyuka ashirin da biyar, ba ƙaramin abu ba ne, kuma wanda ya faɗa ma bai tsira ba. Da ƙyar liman ya lallashi baƙin suka koma, bisa alkawarin za a nemo wanda ya yi wannan aiki. Tambayar kowa ita ce wa ya ɗauka, kuma wa ya sa shi.

"Mushe Sani," Alhaji ya ce da ni bayan an watse, idonsa jawur, "kai ka ce an ruhe. Da bakinka. Wa ke taɓa wanga inji in ba kai ba?"

Na ce masa mabuɗi biyu ne. Iyakar abin da na ce ke nan, amma na san inda maganar za ta faɗa. Dama akwai 'yar tsama tsakanin Alhaji da Lawali, don Alhaji ya hana Lawali kujerar mahaifinsa a komite, ga shi kuma mahaifiyar Lawali 'yar ƙasar Gabi ce. Duk da haka Alhaji bai sake da ni ba. Aka shiga kwanakin da kowa ke kallon kowa. Mutum biyun da suka yi dariya kowanne na zargin ɗan uwansa. Wasu suka ce injin ne da kansa ke aika magana Yamai, ko da yake ko tarho babu a ɗakin. Wasu suka ce dama me ya sa aka kawo ɗan mishan ya haɗa shi. Ni kuwa in na shiga masallaci sai in ga sahu na buɗe min fiye da yadda nake bukata. Na rubuta wa Yohanna takarda, na gaya masa abin da injin ke rubutawa da abin da ya fito a kaset, na ba direban motar Yamai. Maganar maɓallai biyu ban sa ta ba, don ban ga abin da ya haɗa su ba.

Bayan kwana tara amsa ta zo a rabin shafi, da Faransanci, layi biyar, rubutun mai sauri. Alhaji ya karɓe ta daga hannun direba, bai bari na buɗe ni kaɗai ba. Ya tara komite da safe a rumfar gaban magaza, mutum shida har da liman, kuma ba mai karanta Faransanci sai ni. Lawali ne ya shimfiɗa mana tabarmi, ya koma ya zauna a kan buhu. Na buɗe takardar. A layin farko akwai wata kalma, processus, ban san abin da take yi a wurin ba. Ta yi min kama da kalmar shari'a, amma ba ita ba ce. Mutumin kirki da sai ya ce, jama'a, ga kalmar da ban sani ba, mu jira mai ita. Ni kuwa Mushe ne, shekara goma sha ɗaya ina gyara wa yara Faransanci da bulala. Na haɗiye ta na wuce.

"Ya ce magana ce ta uba da ɗa," na ce.

"Wane uba?" in ji Alhaji.

"Bai kama suna ba. Ya ce uban shi ke buɗe mikiro, ɗan kuwa ya gaji duk abin da uban ya buɗe. Ya ce uban ya mutu, amma ɗan bai saki ba. Shina riƙe, shina saurare, shina ajiyewa, shi ya sa ba mai iya kama mikiro bayanshi."

Sannan kawuna suka juya ɗaya bayan ɗaya zuwa buhun da Lawali ke zaune. Na dubi layi na huɗu, na tsaya, har Alhaji ya ce in ci gaba mana.

"Ya ce a kashe ɗan, matsala ta ƙare."

"Subhanallahi!" in ji liman. "Kisa?"

"Ba kisa yake nuhi ba," Alhaji ya ce, har da murmushi irin na wanda aka sauke wa kaya. "Mutum ne mai ladabi, ba shi son kama suna, shi ya sa ya zagayo. A raba shi da wurin, shi ke nan nuhinshi. Mi layin ƙarshe ya ce?"

Layin ƙarshe cewa ya yi zai zo bayan girbi ya gyara. Lawali ya miƙe tsaye. Ban taɓa jin ya yi magana mai tsawon ta ranar ba, ita ma ba wani tsawo gare ta ba.

"Alhaji, ni ko kunna shi ban iya ba. Shara nike shiga yi, yadda Baba ke yi. Mushe, kai ka san ban iya ba. Hwaɗa musu."

Na ninke takardar gida huɗu na sa aljihu. Ya jira ni, ya jira. Sannan ya cire igiyar mabuɗin daga wuyansa, ya ajiye a kan tabarma gaban liman, ba gaban Alhaji ba, ya tafi.

Alhaji bai ɓata lokaci ba. Ya ɗauki goro ya tafi ƙauyen da kansa, ya gaya wa mai gari an kama mai laifi, kuma maganar ma ba haka ya faɗe ta ba, Lawali ne ya yanko kalmominsa na ranaku daban-daban ya ɗinke su da injin Turawa. Mutanen da suka ga akwati na haɗiye murya ba su ga abin da zai hana shi ɗinki ba. Aka sha fura aka shirya. Lawali ba a kai shi ko'ina ba, ba a doke shi ba. Shiru aka yi masa. In ya zauna majalisa sai hira ta koma kan ruwan sama. Matarsa in ta isa rijiya mata su taɓa juna. Damina ta yi nisa ya kira gayyar noma, aka dama fura ƙwarya shida, mutum biyu suka zo, su ma surukansa ne. Yana gama yankan hatsi ya kwashe iyalinsa ya koma Ɗan Issa, ya bar tsohuwarsa a gidan, ita da sunan da aka laƙa musu. Ni na ci gaba da kaset, injin kuma bai fasa rubuta min occupé ba. Kullum na gani sai in kashe in tayar da sauri, kafin wani ya shigo ya tambaye ni, tun da mai laifi ya tafi, wa ke riƙe da shi yanzu.

Yohanna ya zo an gama kai hatsi rumbu. Ya zauna gaban injin da fara'arsa, ya ce in yi yadda na saba ya gani. Na kunna, na yi magana a mikiro, na danne maɓallaina biyu. Ya dafe kai yana dariya. Ya buga wani abu, sai ga jerin layuka a fuskar injin, kowanne da lambarsa. Ya ce duk aikin da ke gudana cikin injin kamar ma'aikaci ne mai lamba, shi ne processus ɗin da ya rubuto min. Wanda nake tayarwa in zan ɗauki murya shi ke buɗe mikiro. Amma don kada jiran maɓallaina ya hana shi kwasar murya, sai ya fitar da wani daga jikinsa ya ba shi aikin kwasa. Na farkon a littattafansu uba ake ce masa, na biyun ɗa. Kuma ƙa'idar injin ce, duk abin da uba ke riƙe da shi a buɗe sa'ad da ya haifi ɗan, ɗan ma na riƙe da shi, ba sai ya nemi izini ba. Mikiro ba ya rufuwa sai hannu na ƙarshe ya sake shi, kuma muddin yana hannun wani ba mai iya kama shi. In na rubuta kalmar tsayawa, uban zai gaya wa ɗan ya tsaya, ya jira shi ya saki, sannan shi ma ya saki. Jiran da ya ishe ni ke nan. Maɓallaina biyu kuwa uban kaɗai suke kayarwa. Ya ɗora yatsa kan layi ɗaya.

"Ga shi nan, Mushe. Ubanshi ya tahi, ba wanda ya gaya mishi. Yanzu haka shina jin mu."

Ya buga kalma ɗaya da lambar, layin ya ɓace. Kisan ke nan. Ya ce shi ma da laifinsa, da ya kamata ya tsara ɗan yadda zai lura in uban ya ɓace ya saki da kansa, kuma kafin a kira La'asar ya gyara. Yana haɗa kayansa ya tambaye ni ina dogon nan mai tsayuwa bakin ƙofa, don ya taho masa da wata tsohuwar mujalla mai hotunan cikin injin. Na gaya masa abin da ya same shi. Ban taɓa ganin fuskar mutum ta sauya haka ba. Ya sa na ɗauko takardar, ya karanta rubutun kansa sau biyu.

"Amma ai na rubuta processus. Ga shi nan layin hwarko."

"Na gani," na ce.

Shi ya ja ni zuwa gidan Alhaji, ba ni na ja shi ba. Alhaji ya saurare shi har ƙarshe yana taunar goro, ya yi masa godiya, ya sa aka raka shi tasha. Ni ya ce in tsaya.

"Mushe, in injin ya ɗauka da kanshi, to ba a ɗinka komi ba ke nan. In ba a ɗinka ba, ni na hwaɗa. Ka san abin da za ya biyo baya, ƙauyukan Gabi su hita, ƙungiya ta mutu. Kuma in anka tambayi wa ya ce an ruhe alhali ba a ruhe ba, wa ya buga kaset bai saurara ba, sunan wa za ni kira? Magana ta kwanta. Bar ta."

Na bar ta. Ba wanda ya ɗaure ni, ba wanda ya nuna min bindiga. Na dubi aikina da muryata a ƙauyuka da ku huɗu kuna ƙanana, na dubi Lawali, na zaɓa. Yohanna ya rubuto wa komite takarda ta biyu, doguwa, ya bayyana komai, ita ma hannuna ta biyo. Alhaji ya ce in gaya musu bayanin gyaran inji ne, na ce bayanin gyaran inji ne. Daga nan Yohanna bai ƙara tako Madarunfa ba, in injin ya lalace wani yake aikowa. Innarku da na gaya mata ba ta yi faɗa ba, da ta yi ma da ya fi min sauƙi. Cewa ta yi:

"To ko ba komi ka tahi ka dubi idonshi."

Sai da na yi wata biyu ina ɗaga tafiyar. Na same shi a Ɗan Issa wajen shingen duwan, wato kwastan, cikin masu dako, yana sauke buhunan siminti daga wata mota zuwa wata. Ya rame, kansa fari fat da siminti. Da ya gan ni ya wanke hannu, ya saya min shayi, ya tambayi Innarku da ku ɗaya bayan ɗaya da sunayenku. Muka zauna a kan benci motoci na wucewa. Na ba shi labarin uba da ɗa da maɓallai biyu. Sai da ya sa na maimaita masa yadda ɗan ke fita daga jikin uban, ya girgiza kai ya ce ikon Allah, ashe inji ma da gado. Bai tambaye ni ko zan faɗa wa mutane ba. Ina jin ya ga amsar a yadda na zo ni kaɗai, ba kuma ranar kasuwa ba.

"Abu guda nike son sani, Mushe," ya ce. "Ranar nan, sa'ad da kake karatu, ka san ba ni ake nuhi ba?"

"Wallahi ban sani ba, Lawali."

Ya dube ni har na ji kamar in tashi. Sannan ya miƙo min hannu.

"To kuskure ne. Na yahe maka, duniya da lahira."

Ban sake ganinsa ba. Ya yi shekara shida a can, ciwon ƙirji ya kama shi ya rasu, can aka rufe shi. Yafiyar nan na ɗauko ta na dawo da ita gida, shekara da shekaru ina juya ta a raina, kuma ba tawa ba ce. Ya yi ta ne ga mutumin da bai sani ba. Layi uku na farko na ɗauka shi ake nufi, har daɗi na ji. Amma kwana ukun da Yohanna ya yi yana koya min, na ji shi da kunnena ya fi sau goma yana cewa bari in kashe wannan, bari in kashe wancan, yana nuna fuskar injin. Da idona ya sauka kan layi na huɗu na gane maganar inji ce, na gane kuma in ba Lawali ba ne to ni ne. Na sani tun kafin ya miƙe tsaye, na sani sa'ad da ya kira sunana, kuma na rantse masa da Allah a kan benci da shayinsa a hannuna.